Darasi na 14: Madarar Dare Mai Kayan Ƙamshi

Koki ba unguwa ce mai kwanciya da wuri ba. Ana idar da sallar lisha majalisa za ta haɗu a ƙofar gida, waɗanda suka wuni a kasuwannin Kurmi da Kwari da Wambai su baje kolin hira, mai shayi ya jera kofuna a kan tebur. A cikin gida kuma sai a lokacin uwargida take samun sararin miƙe ƙafa, bayan ta ga kwanciyar yara. Kowa abu mai ɗumi yake nema ya kurɓa, balle da hunturu, watan Disamba da Janairu, sanda sanyi ke bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo har ɗaka. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne shayi, wani ma ya bi shi da ɓarin goro. Can tsakar dare sai ka iske mutum yana ta juyi a kan shimfiɗa, idonsa biyu, da safe ya ce tunani ne ya hana shi barci. Wani sa'in tunanin ne. Sau da yawa kuwa abin da ya sha ne.

A wannan darasi za mu koyi haɗa madara mai ɗumi da kayan ƙamshi, wadda babu ganyen shayi ko gahawa a cikinta, don sha bayan abincin dare. Gidajen shan gahawa na manyan birane suna sayar da irinta da sunan latte, a kofin tangaran da kumfa a sama, da kuɗi mai yawa. Mu ƙaramar tukunya da mataci da maburgi sun ishe mu. Cikin yin haka kuma za mu gwada awo da lissafi, da karanta rubutun da ke jikin gwangwani.

Goro da shayi

Ɗan Koki ba a ba shi labarin goro. Tun kafin zuwan Turawa fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suke kora jakuna zuwa Gwanja, wadda ke cikin ƙasar Gana ta yau, su yi watanni a hanya su dawo da huhunan goro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, wanda kuma gidajen zuriyarsa ke unguwar nan, da fataucin goro ya kafu kafin ya shiga gyaɗa. Har gobe ba a ɗaura aure ko a raɗa suna babu goro. Abin da ya sa matafiyi da mai gadi da mai kwana karatu ba sa rabuwa da shi kuwa sananne ne: yana korar gyangyaɗi, yana danne yunwa.

Abin da ke wannan aiki a cikin goro wani sinadari ne da ake kira kafeyin. Shi ne dai a cikin ganyen shayi, da gahawa, da baƙin lemon kwalba, da lemukan ƙarin kuzari da matasa ke sha. Cakulan ma yana da ɗan kaɗan, don haka Milo da Bournvita ba su rasa shi gaba ɗaya ba. Ga yadda yake aiki. Tun daga tashin mutum da asuba wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma taruwarsa ce take sa ido nauyi idan dare ya yi. Kafeyin sai ya je ya tare gurbin da adenosin ke zama, saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan daram, jin ta ne kawai mutum ya daina yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne daɗewarsa a jiki. Babban mutum mai lafiya yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin jikinsa ya fitar da rabin abin da ya sha, mai juna biyu kuma ta fi haka daɗewa. Kofi ɗaya na shayin ganye irin Lipton yana ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 40 zuwa 50, kofin gahawa kuma ya kusa ninka haka. To, a ce magidanci ya sha kofi biyu na shayi da ƙarfe 9 na dare. Ya zuba wa cikinsa kusan miligiram 100 ke nan. Ƙarfe 2 na dare akwai sauran kusan 50 suna yawo a jininsa, kamar a lokacin ya tashi ya sha wani sabon kofi, ga kiran assalatu na tafe. Shayin Buzaye kuwa kada ƙanƙantar kofinsa ta ruɗe ku, ganye mai yawa ake dafawa a ruwa kaɗan. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a wuni ba ya cutar da babba mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200, amma ta ƙara da cewa miligiram 100 kaɗai dab da kwanciya na iya taɓa barcin wasu mutane.

Ba cewa ake a bar shayi ko goro ba. Wanda ya ce wa Bakano haka ma ɓata bakinsa ya yi. Lokacinsu ne daga safe zuwa la'asar. Duk mai fama da wahalar barci, daga la'asar ya haƙura, ya nemi abin da zai maye gurbinsu a hannunsa idan an zauna hira.

Abin da madarar ke yi, da abin da ba ta yi

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu: wannan haɗi ba maganin barci ba ne. Za ku ji ana cewa akwai sinadari mai sa barci a cikin madara. Akwai shi, sunansa tiriftofan, amma abin da ke cikin kofi ɗaya bai kai ya kwantar da babban mutum ba. Furen babunaj da masu magungunan Musulunci ke sayarwa an daɗe ana shan sa don natsuwa a ƙasashen Larabawa da Turai, sai dai gwaje-gwajen da likitoci suka yi ba su nuna ya wuce ɗan taimako kaɗan ba. Amfanin madarar dare na farko, kuma mafi girma, shi ne ta zauna a mazaunin shayi. Na biyu, abu mai ɗumi yana saukar da jiki, yana kuma toshe 'yar yunwar da kan taso wa wanda ya ci tuwo tun magariba. Na uku sabo ne. Idan kullum a lokaci ɗaya mutum ya zauna, ya kife waya, ya sha kofinsa a hankali, jiki yakan gane cewa aikin yau ya ƙare. Wanda ya sha madarar yana latsa waya har ƙarfe ɗaya, madara ba ta da laifi.

Ba mu muka fara ba. Talbina, wani kunu marar kauri na garin sha'ir da ake sa wa zuma, wasu su ƙara madara, ta zo a cikin Bukhari da Muslim, inda aka ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan sa a dafa ta don marar lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa. A Indiya kuma iyaye mata sun daɗe suna ba iyalinsu madara mai kurkur da dare, musamman idan mura ta kama. Ita ce Turawa suka ɗauka yanzu suke sayarwa da sunan madarar zinariya.

Cefane

Daga Koki da ƙafa ake shiga Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Duk abin da darasin nan ke bukata akwai shi a layin masu kayan yaji da kayan ƙamshi, haka ma a kasuwar Rimi.

Citta ce ginshiƙi. Ku ce wa mai kaya, "Baba, citta mai yatsu nake so, ba mai ƙwaya ba," don su biyu ne, kuma mai ƙwaya yajinta ya fi ƙarfin madarar dare. Yawancin cittar da ke shigowa Kano daga kudancin Kaduna take, wajejen Kachiya da Kafanchan da Kwoi, kuma Najeriya na cikin manyan masu noman ta a duniya. A damunar 2023 wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin can ta cinye amfanin, shi ya sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo daga baya. Ɗanya ta fi ƙamshi, busasshiya ta fi yaji da jurewa ajiya. Idan ɗanya za ku saya, ku zaɓi mai tauri da santsin baya, ku bar wadda ta yamushe ko ta yi laushi. Busasshiya kuwa ku karya ɗaya ku shinshina. In kuka ga baƙi-baƙi ko kore a ciki, ko kuka ji warin rumbu, ku ajiye masa kayansa. Fumfuna a kayan abinci ba abin wasa ba ce, wata irinta tana fitar da guba mai lahanta hanta, kuma tafasa ba ta kashe gubar.

Kanumfari tohon fure ne da aka busar. Asalinsa tsibiran Maluku na Indonesiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka yi suna wajen noman sa. Mai kyau yana da kansa a sama, in kun danna shi da farce ya nuna ɗan maiƙo. Man nan ne ke dusashe ciwon haƙori, shi ne kuma zai sa harshe ya yi nauyi in aka cika shi a madara.

Kirfa ɓawon itace ne, kuma iri biyu ce. Ta Siri Lanka siririya ce, an naɗe ta falle-falle, tana marmashewa a hannu. Wadda ta fi yawa a kasuwa kuwa mai kauri ce da tauri, daga Sin ko Indonesiya ko Biyetnam. Ita mai kaurin tana da wani sinadari, kumarin, wanda yawansa kullum-kullum ke wahalar da hanta. Ɗan guntun sanda a tukunya ba ya kai wa nan. Masu kamfatar garinta cokali-cokali kowace rana da sunan maganin suga su ne ke cikin haɗari.

Sai ganye: na'a-na'a ɗanye ko busasshe, ko furen babunaj ga wanda ya samu. Mai son launin rawaya ya ƙara kurkur da ɗan masoro. Shawarata ita ce ku sayi komai da ƙwayarsa ko saiwarsa ku daka da kanku. Gari a ƙulle a leda ba ka san me aka cuɗa masa ba, kuma ƙamshinsa ya riga ya fara tashi tun ranar da aka niƙa shi. Gyaɗar ƙamshi da wasu ke kankarawa a madara mun bar ta da gangan. Yawanta na kawo jiri da bugun zuciya, har malaman fiƙihu sun yi magana a kanta saboda haka, kuma haɗin ba ya rasa komai in babu ita.

Madarar kanta

Madarar shanu ɗanya ta fi kowace daɗi, amma sai an tafasa ta, ko daga hannun wa ta fito. Saniya na iya zama lafiyayya a ido alhali tana ɗauke da tarin fuka irin na shanu, ko cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, mutum kuma ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Duka biyun suna bin ɗanyar madara. A masana'anta ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe waɗannan ƙwayoyin cuta. A gida ba mu da ma'aunin zafi, don haka mu bari sai ta taso.

Yawancin gidajen cikin gari madarar gari suke amfani da ita, kuma ta wadatar. A nan ne karatunku zai yi muku rana. Kafin ku biya kuɗi ku juya gwangwani ko leda ku nemi abu uku: lambar rajistar hukumar NAFDAC, ranar da kayan zai daina aiki, wadda akan rubuta bayan haruffan EXP ko BB, da jerin abin da ke ciki. Wasu madarar garin an cire musu kitsen madara an sa man tsirrai a madadinsa. Ba haramun ba ne, sun kuma fi araha, amma ya kamata mai saye ya san abin da ya saya. Madarar awo da ake ɗiba daga buhu ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan, sai amanar mai shago. Madarar ruwa ta gwangwani ana sirka ta da ruwa daidai yawanta. Mai kaurin nan da aka riga aka cika da sukari kuwa ba ta dace da wannan haɗi ba.

Akwai manya da yawa da madara ke kumbura wa ciki, ta sa su tusa ko gudawa. Ba maita ba ce, ba kuma lalacewar madarar ba ce. Hanjinsu ne ya rage narkar da sukarin da ke cikinta bayan yaye, abin da ya zama ruwan dare a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. Irin waɗannan su yi da madarar waken suya da aka dafa sosai, ko ruwan gyaɗa irin na kunu, ko ruwan aya. Sai dai aya ba ta son wuta: da ta ji zafi sosai sai ta yi kauri ta kama, don haka ɗumi kawai za a ba ta.

Haɗawa

Awon da za mu bi na mutum biyu ne. Ruwan leda ɗaya rabin lita ne, wato mililita 500, kuma shi ne kofi biyu a awon darasin nan. Wanda ba shi da kofin awo ya juye rabin leda a kofinsa ya ga inda ruwan ya tsaya.

A zuba ruwa kofi ɗaya a ƙaramar tukunya mai tsabta, wadda ba ta riƙe ƙamshin miya ba. A kankare ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, a daddaƙa ta, a jefa. In busasshiya ce rabin haka ya isa. A sa kanumfari ƙwaya 3 da guntun kirfa kamar rabin ɗan yatsa. Mai son kurkur ya sa rabin cokalin shayi da masoro ƙwaya 2 dakakku. A rufe, in ya tafasa a rage wuta, a bar shi yana ɓararraka a hankali minti 10. Ruwan zai ragu zuwa kusan rabi, ya yi ja-ja, ƙamshi ya cika tsakar gida.

Kada a yi gaggawar zuba madara kafin nan, kuma ga dalili. Ɗanyar citta tana da wani sinadari mai tsinka madara idan suka haɗu da ɗumi. Tafasa ce ke kashe ƙarfinsa. Wadda ta jefa ɗanyar citta kai tsaye cikin madara mai ɗumi tana iya ganin ruwa gefe, gudaji gefe, kamar mai shirin awara. Duk abu mai tsami ma haka yake yi, shi ya sa zoɓo da tsamiya da lemon tsami ba su da gurbi a tukunyar nan, duk da daɗinsu a wani wurin.

Bayan minti goman sai a zuba madara kofi ɗaya da rabi. In ta gari ce, a fara dama babban cokali 6 zuwa 8 da ruwa mai ɗan ɗumi kofi ɗaya da rabi a wani kwano daban har gudajin ya mutu, sannan a juye. In rubutun gwangwanin ya faɗi wani awo, a bi nasa. Daga nan ba a matsawa daga gindin murhu. Wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa da cokali har ƙasan tukunya don kada ta kama, domin madarar da ta ƙone babu kirfar da za ta ɓoye ƙaurinta. Da ta fara tasowa a sauke. Ɗanyar madarar shanu kuwa a tafasa ta daban tun farko, kafin ta zo nan.

Ganye ba ya shiga sai an sauke. A jefa na'a-na'a ganye 8 zuwa 10, ko babunaj cokalin shayi 2, a rufe minti 5. Ƙamshin ganye mai ne mai saurin bin tururi. In aka dafa shi a buɗe, maƙwabta ne za su sha ƙamshin, ku ku sha ɗacin. Sai a tace.

Saura kumfa, wadda ita ce duk abin da gidajen gahawa ke taƙama da shi. A juye madarar a kwano mai zurfi, a sa maburgi mai tsabta, wanda ba na miyar kuka ba, a murza shi tsakanin tafin hannu na kamar minti ɗaya. Ko a sheƙa ta tsakanin kofuna biyu yadda mai shayi ke yi, daga sama zuwa ƙasa, sau biyar ko shida. Sheƙawar tana kawo kumfa, tana rage zafi, tana kuma hana yana kama saman kofi. A yi ta nesa da yara.

Zaƙi

A nan ne aka fi ɓata haɗin. Kowa ya san hannun mai shayi wajen sukari, kuma bakinmu ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a wuni, wato cokalin shayi 12, in son samu ne ma a tsaya a 25, cokali 6. Lissafin ya haɗa da na kunu da koko da lemo da zoɓon rana. Don haka kofin dare cokali ɗaya ya ishe shi. Kirfa da madara suna da ɗan zaƙinsu, bayan mako guda harshe zai fara jin sa.

Zuma da mazarƙwaila sun fi farin sukari ɗanɗano, amma a wurin jiki duk sukari ne, kuma suna cikin wancan lissafi. Dabino ɗaya ko biyu da aka jiƙa aka dame ya fi dacewa a ganina, don yana ba madarar jiki. Mai ciwon suga kada ya ɗauka zuma ko dabino kyauta ne gare shi. Ya sha tasa babu zaƙi, ya kuma gaya wa likitansa cewa ya ƙara madara a abincin dare. Zuma ana sa ta bayan madarar ta huce daidai sha. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan, ko da kaka ce ta ce a lasa masa. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin babba ke iya wa, na jariri bai iya ba, kuma cutar tana saki masa jiki har numfashi ya gagara. Shi wannan kofi ma gaba ɗaya ba na jarirai ba ne: wata 6 na farko nonon uwa kaɗai ne abincinsu.

Lokacin sha da masu yin hattara

A sha kamar awa ɗaya kafin kwanciya, kofi ɗaya tak. Wanda ya sha ya kwanta nan take, fitsari zai tashe shi, musamman dattawa. Mai ƙwannafi ya ƙara tazarar, ya kuma bar na'a-na'a, don tana sassauta bakin ciki ta sa tsamin ya hauro. A yi aswaki ko buroshi bayan an sha. Mai juna biyu ta tsaya a ɗan awon girki, kada ta mai da kayan ƙamshi magani, ta kuma tambaya a wurin awon ciki kafin ta riƙa shan babunaj kullum. Mai shan maganin tsinka jini shi ma ya tambayi likita a kan babunaj da citta da kurkur. Abin da ya rage a tukunya kada ya wuce awa 2 a ajiye in ba a firji ba, kuma tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, a dafa daidai shan daren.

Wata magana kuma ta hunturu: kada sanyi ya sa a shigo da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga, ana dafa madara ana jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke sa mutum barcin da ba ya tashi. A dafa a tsakar gida ko a madafa mai iska, a bar garwashin a waje.

Kada kuma a yarda da duk wanda ya ce a ɗiga wani abu a kofin don barci ya yi nauyi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi wa matasa, Kano na cikin wuraren da aka nuna. Ƙwayoyin barcin da ake saya a kemis babu takardar likita su ma hanya ɗaya suke bi: yau ɗaya, wata mai zuwa biyu, daga nan barci ba ya zuwa sai da su. Idan rashin barci ya kai makonni, ko yana tare da baƙin ciki mai nauyi, ko faɗuwar gaba, ko minshari mai sarƙe numfashi, ko yawan fitsarin dare da ƙishirwa, magana ta wuce tukunya. A je asibitin unguwa, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a faɗa wa likita komai, har da yawan shayi da goron da ake ci.

Tambayoyi da aiki

1. Ambaci abubuwa huɗu da muke ci ko sha waɗanda ke da kafeyin.

2. Mutum ya sha shayi mai kafeyin miligiram 80 da ƙarfe 8 na dare. Kimanin nawa ne zai rage a jikinsa da ƙarfe 1 na dare?

3. Me ya sa ake fara dafa citta a ruwa kafin a zuba madara? Me ya sa ganye ke shiga a ƙarshe?

4. Awon darasin na mutum biyu ne. Rubuta yawan ruwa da madara da kanumfari da za a bukata don mutum shida.

5. Idan cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne, giram nawa mai sa cokali 3 a kofi, sau 3 a wuni, yake sha?

6. Ku zo aji da gwangwani ko ledar madara daga gida. Kowa zai karanta wa na kusa da shi lambar NAFDAC da ranar daina aiki, ya kuma duba ko akwai man tsirrai a ciki.

7. Ku tambayo farashin citta da kanumfari da kirfa da madarar gari a Kurmi ko a shagon unguwa, ku lissafa kuɗin kofi ɗaya, ku gwada shi da kuɗin kofin shayi mai madara a teburin mai shayi. A rubuta lissafin a littafi, a kawo darasi mai zuwa.